Kwamfutar da Aka Yi wa Turare

"To ni ina na sani, Malam Rabe? Abin mai gidana ne. Rigunanshi ina turara su, hulunanshi ina turara su, sai ita kaɗai zan ware?"

 Malam Rabe ya riga ya kwance murfin kwamfutar ya jingine shi da bango, yana durƙushe bisa tabarma, hancinsa dab da cikinta. Ya shaƙa, ya ɗago, ya sake sunkuyawa ya shaƙa.

"Hajiya Turai, na sha buɗe kwamfuta in iske gidan ɓera. Na iske zanzaro ya yi gini. Akwai wadda aka kawo mani daga ƙauye, gyaɗa na zazzage daga cikinta. Amma mai ƙamshin ɗakin amarya, wallahi yau na fara gani."

Ilham, ɗiyar Hajiya Turai, ta sa gefen mayafi ta toshe baki, dariya na neman ƙwace mata, har jaririn da ke goye a bayanta ya motsa. Uwar ta harare ta.

Daga Kusada suka taso da safen nan a ƙaramar motar haya, da kwamfutar naɗe cikin zane bisa cinyarsu. Ta marigayi Dauda ce, mijin Hajiya Turai, wanda ya rasu Ilham ba ta fi shekara biyu ba. Tun daga ranar kwamfutar take bisa tebur a ƙuryar ɗakin Hajiya, lulluɓe da ƙyalle mai sirfani. Duk Juma'a, in ta gama shara, sai ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wuta, ta ɗaga ƙyallen ta tura kaskon ƙarƙashi, yadda ake yi wa tufafi. Haka ta yi ta yi har Ilham ta girma, ta yi aure, ta haihu.

Haihuwar ce ma ta tayar da maganar. An sa wa yaron sunan kakansa, suna kiransa Abba. Ranar suna tsofaffin gidan suka yi ta hirar marigayin, wannan ta ce dariyarsa daga bakin titi ake jin ta, waccan ta ce in ya yi sallama sai ka rantse rediyo aka kunna. Ilham na zaune tana saurare, can ta ce ita dai hotonsa ta sani, ba ta san muryarsa ba. Sai Hajiya Turai ta tuna yakan ɗora yarinyar bisa cinya, ya jawo wani abin magana mai siririn wuya, ya yi ta surutu yana cewa kwamfuta na ɗauka. Mijin Ilham, da zuciya ɗaya, ya jona ta a wuta. Suka ji tas, hayaƙi ya fito ta baya, shi ke nan.

"Baba," in ji Ilham, dariyar ta gushe daga fuskarta, "muryar tana nan ciki?"

"Ba zan yi maki ƙarya ba, ɗiyata. Ban sani ba tukuna."

Ya leƙa tsakar gida ya kira matarsa. "Zinariya! Zo ki duba mani wani abu, wannan fanninku ne."

Zinariya ta shigo tana goge hannu da gefen zane, suka sake gaisawa da baƙin, ta sa yatsa ta dangwali baƙin danƙon da ya lulluɓe cikin na'urar, ta murza, ta shinshina.

"Na sandal ne, mai tsada ma kuwa. Ai da sukari ake soya shi, Malam, dole ya yi danƙo. Ba ka ga yadda yake yi wa silin ɗaki ba?" Ta juya ga Hajiya Turai. "Ke dai kin kyauta mata, Hajiya. Waɗannan nashi, ko tsumma ba su samu sai ya ga dama."

"Kar ki ɓata mani suna gaban baƙi. Wace ce a cikinsu ta taɓa kawo maki ƙara?"

Waɗannan da take nufi su ne suka cika shagon. Shago ne na ƙofar gida, wanda ya kamata a ce na saukar baƙi ne, amma kantoci sun zagaye shi tun daga ƙasa har rufi, kuma bisa kowace kanta tsofaffin kwamfutoci ne jere, farinsu ya koma ruwan ƙasa. Ga allunan nan masu ƙatuwar ƙeya kamar tsohuwar talabijin, ga kibod-kibod a tsaye kamar allunan makaranta, ga kwanduna cike da wayoyi da tsofaffin fayafayan ajiya da ake kira fulofi. Duk Kankiya an san shi da wannan. In ka tambayi gidan Malam Rabe, sai a ce maka, "Wanne? Mai tsofaffin kwamfuta?"

Ba da su ya tashi ba. Ɗan manoma ne daga Kunduru, kuma da a ce ƙafarsa ta hagu ba ta ɗan shanye tun yana ƙarami ba, da har yau yana can yana huɗar gyaɗa. Da ya gama firamare sai kawunsa ya kawo shi Kankiya, ya sa shi wurin wani mai koyar da tafireta a bakin titin Kano. Nan yatsunsa suka samu abin da ƙafarsa ta hana shi. Yana buga takarda yana kallon titi, bai kuskure harafi. Da wannan aka ɗauke shi aiki a ofis, ya yi shekaru yana buga takardun gwamnati, hannunsa kullum shuɗi da tawadar kabon.

Sai ga kwamfuta ta iso. Aka ware mata ɗaki, aka shimfiɗa mata kafet, aka sa mata na'urar sanyaya ɗaki, abin da ko shugaban sashe bai samu ba. Duk mai shiga sai ya tuɓe takalmi a ƙofa. Masu tafireta suka tsargu, don an fara raɗe-raɗin cewa ita kaɗai za ta yi aikin mutum biyar. Rabe yana da mata da 'ya'ya ƙanana, kuma ya san in aka sallame shi ba gonar da zai iya komawa. In ya zo wucewa ta ƙofar ɗakin nan har sauri yake ƙarawa.

Dauda ne mai kula da ɗakin, saurayi ɗan Kusada da aka tura kwas ya dawo. Wata rana bayan an tashi aiki ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Malam Rabe, shigo mana. Ba ta cizo." Rabe ya tuɓe takalmi ya shiga. Allon baƙi ƙirin, sai wani ɗan farin layi yana ƙiftawa a kusurwa, yana jira a faɗa masa abin da zai yi. Zamanin DOS ke nan, babu hoto babu maus, sai ka rubuta wa na'ura umarni da hannunka. Rabe ya kai wa kibod duka irin na tafireta, Dauda ya yi tsalle ya riƙe masa hannu yana dariya. Tun daga ranar, kullum in kowa ya watse, su biyu suke zama har la'asar sakaliya. Dauda bai taɓa karɓar ko goro ba, bai kuma taɓa faɗa wa kowa shi ya koya masa ba. Da aka zo rage ma'aikata, Rabe na cikin waɗanda aka bari. A bakin wannan kibod ɗin ya ciyar da gidansa, ya sa yara makaranta, har ya yi ritaya da mutuncinsa.

Daga baya Dauda ya nemi canji ya koma gida Kusada, ya sayi tasa kwamfutar yana buga wa mutane katin biki da kalanda. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki ya ɗauke shi. Rabe ya je jana'iza, ya je sadakar uku, ya dawo da wani nauyi a ƙirji, don bai taɓa zaunar da Dauda ya yi masa godiya yadda ta kamata ba. Kullum gani yake akwai lokaci.

Tarin nan kuwa ya faro ne ranar da ya ga an fito da waccan kwamfutar ta farko, mai kafet da sanyi, an jefa ta bayan sito ruwan sama na dukanta. Ya roƙa aka ba shi, ya ɗaure ta bayan keke ya turo har gida. Ya shanya ta, ya goge, ya yi ta fama da ita har ta tashi. Daga nan duk wanda tasa ta tsufa sai ya ce a kai wa Malam Rabe. Wasu wurin 'yan gwangwan yake tsinto su kafin a farfasa. Babban ɗansa ya sa masa sola a rufin shagon, shi kuma ya ɗaukar wa kansa al'ada: kowace safiya sai ya kunna ɗaya, bi da bi, ya bar ta ta ɗan yi numfashi, don ya lura zaman banza ya fi aiki kashe su. Maƙwabta har sun saba da kiɗan da Windows 98 ke yi in ta buɗe, wani lokaci tela na kusa da shi yakan ɗaga murya ya ce, "Malam, yau tsohuwar ta tashi lafiya?"

Ya sa sukudireba ya ciro wani ƙarfe mai faɗin tafin hannu daga cikin ta Dauda, ya nuna wa Ilham.

"Kin ga wannan? Sunanshi had-dis. Shi ne rumbun. Duk abin da babanki ya ajiye, nan yake. Sauran jikin in ya ƙone ba komi. Shi a rufe yake ruf, hayaƙi bai cika shiga ba." Ya juya shi, ya nuna ɗan koren allon da ke manne a ƙasansa. Danƙo ya rufe shi, kusurwa ɗaya ta yi baƙi. "Nan ne wutar ta taɓa. Ku ba ni kwana biyu. Kuma ku yi addu'a, don abin da ya daɗe haka bai juya ba, wani lokaci sau ɗaya yake yarda ya tashi."

Hajiya Turai ta sunkuyar da kai. "Ashe da hannuna na kashe ta."

"A'a, Hajiya. Waɗanda aka sayo tare da ita, yau suna ina? An narkar da su an yi tukwane. Taki ko tsatsa babu. Danƙo ne kawai, shi kuwa yana fita."

Kwana biyun suka zama mako. Da sifirit da tsohon buroshin haƙori ya bi kowace kusurwa, shagon ya cika da wani irin wari, rabi asibiti rabi ɗakin mata. Danƙon ya fita, amma ɗan koren allon ya mutu murus. Mafita ɗaya ce: a samu wani had-dis irinsa sak, a ciro nasa allon a ɗaura. Ya zazzage kwandunansa duka bai samu ba. Sai da ya koma buɗe masu rai ɗaya bayan ɗaya, ya iske irinsa a cikin wadda ya fi ji da ita, mai kiɗan nan da tela ke tambaya.

Zinariya ta kawo masa fura ta same shi zaune ya zuba mata ido.

"In ka ɗaura shi can ya ƙone fa?"

"Sai ta yi shiru ita ma."

"Kuma ba ka da wani."

"Babu." Ya kurɓi furar. "Zinariya, tuwon da muka ci a gidan nan shekara da shekaru, kin san ta hannun wa Allah ya kawo shi."

 Ta ɗauko sukudireban da ke bayansa ta miƙa masa.

Bai kunna ba sai da ya kira su. Ya ce wa Ilham a waya, in sau ɗaya abin zai yi magana, bai kamata a ce kunnensa kaɗai ya ji ba. Suka iso da hantsi, sararin sama ya yi lumshi, iskar damina na kaɗa labulen shagon. Ya riga ya shirya wata kwamfuta mai ɗan dama-dama, wadda ke da faffaɗar wayar da tsofaffin had-dis ke sha, kuma tana karɓar filashi irin na yanzu. Ya jona had-dis ɗin Dauda, wanda ya riga ya canza wa koren allon, a gefenta, ya ɗora shi bisa nannaɗen tawul a kan tebur. Matan uku suka zauna bisa tabarma. Ya yi bisimilla ya danna.

Fanka ta tashi, allo ya kawo haske. Had-dis ɗin ya yi wani ɗan kuka siriri, ya tsaya. Malam Rabe ya sa kunne, ya ji motar ciki tana yunƙuri ta kasa. Ya kashe. Ya ɗauke shi a tafin hannu ya murɗa wuyan hannunsa da sauri, sau ɗaya, kamar mai buɗe murfin kwalba, ya mayar ya sake dannawa. Wannan karon kukan ya ɗore, ya yi sama, ya daidaita.

"Ya juya," ya faɗa a hankali. "Kar wanda ya taɓa teburin."

Sunayen ma'ajiyoyi suka jeru a allo: Katin Biki, Kalanda, Hotuna, Makaranta, da wasu da yawa. Ransa ya so ya tsaya ya buɗe kowace, ya ga aikin hannun Dauda, amma ya riga ya ji wani ɗan ƙas, ƙas, yana fitowa daga ƙarfen jefi-jefi, kuma ya san ma'anarsa.

"Baba, ga Hotuna can," in ji Ilham, ta taso bisa gwiwa. "Ko nan ne?"

"Ba nan ba."

Idonsa ya bi jerin har ƙasa, ya tsaya kan wata mai suna Haraji. Duk da halin da ake ciki sai da murmushi ya suɓuce masa.

"Halin nan dai bai bari ba. Tun a ofis, duk abin da ba ya so yara masu koyon aiki su taɓa, nan yake sa shi. Ya ce ba wanda ke buɗe haraji da son ranshi."

Ya ja ta ya jefa cikin filashi. 'Yan takardun nan na allo suka fara tashi daga wannan ma'aji zuwa wancan. Ƙas, ƙas. Abba ya fara ƙananan kuka, Zinariya ta karɓe shi ta fita da shi tsakar gida. Hajiya Turai na jan carbi, leɓunanta na motsi. Layin ya cika, ya ɓace. Malam Rabe ya yi maza ya kama Hotuna, amma ko rabi ba a kai ba ƙarar ta zama ƙaƙas-ƙaƙas ba tsayawa, allon ya daskare. Ya jira, ya sake jira, sannan ya miƙa hannu ya kashe.

"Ya tafi," ya ce. "Sauran sai haƙuri. Bari mu ga abin da ya bar mana."

Ya sake kunna kwamfutar ba tare da shi ba, ya buɗe filashin. Cikin Haraji akwai 'yan fayiloli masu hoton lasifika. Ya murɗa ƙarar sifika, ya danna na farko.

Shuuu, sai ƙarar kujera. Sannan murya, babba, mai kauri, kamar mutumin na tsaye bakin ƙofa.

"Yana ɗauka? To. Ilham. Ilham, kalle ni nan. Ce Baba. Ba-ba. A'a, a'a, ba a ci, ba rogo ba ne! Turai! Zo ki ɗauki ɗiyarki, ta jiƙe mani kibod da yawu!"

Daga nesa wata siririyar murya ta yarinya ta amsa, "Wa ya aike ka ɗaukarta? Ni tuwo nike tuƙi."

Sai gwalantun jaririya, sai dariyar nan da tsofaffi suka faɗa, ta cika shagon har ta fita titi. Tana tsakiya ta yanke, don abin ɗaukar sauti na wancan zamani minti ɗaya yake ba mutum.

 Ilham ta haɗa tafukanta ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Hajiya Turai hawaye na bin kumatunta amma bakinta a buɗe yake da murmushi.

"Ji ni," ta ce. "Wai ni ce wannan mai tsiwar?"

"Ke ce, Hajiya," in ji Zinariya daga bakin ƙofa, da Abba a kafaɗa, ita ma idonta ya kawo ruwa. "Ga shaida."

"Baba, sake sa mani," in ji Ilham.

Ya sake. Ya sa na biyu, inda Dauda ke rera wa yarinyar wata waƙar rarrashi yana ɓata ta da gangan, da na uku, inda tari kawai ya yi ya ce bari ya gyara wayar. Shi ma sai da Ilham ta ce a maimaita. Malam Rabe ya juya musu baya yana ta gyara wata waya da ba abin da ya same ta. A ransa yana faɗa wa mai muryar abin da bai samu faɗa ba, yana roƙa masa gafara da rahama.

Ya tura sautukan cikin wayar Ilham, ya tura a ta Hajiya, ya ba su filashin, ya kuma ajiye wani kwafi wurinsa, ya ce abu ɗaya a wuri ɗaya ba ajiya ba ce a aikinsu. Hajiya Turai ta fara kwance bakin mayafinta, ya ɗaga hannu tun kafin ta gama.

"Kar ki fara, Hajiya. In kika yi haka kin kore ni daga zumunci."

"To me zan ce maka, Malam Rabe? Allah ya saka da alheri. Allah ya raya zuri'a, ya sa ka gama lafiya."

"Amin. Ni ke da godiya. Ban taɓa zaton zan ƙara jin shi a duniyar nan ba, sai ga shi kun kawo mani shi har ɗaki."

Ilham ta karɓi ɗanta, ta kara masa wayar kusa da kunne, ta rage ƙara. Yaron ya buɗe ido ya yi tsit. Waje kuwa iska ta ƙaru, an ji tsawa can gabas, ƙamshin ruwa ya fara shigowa.

Malam Rabe ya leƙa ya dubi sama. "Hadarin nan ba zai jira ku ba. Zinariya, zuba masu abinci su ci da sauri. Bari in je tasha in tsayar maku da mota, kar ku jiƙe da yaro."

Ya zura takalmansa, ya ɗauki lema a bayan ƙofa, ya fita yana ɗan ɗingishinsa ya nufi bakin titi.